Abincin kyankyasan kiwo: wane buhu za ka saya, kuma furotin nawa ya isa?

Masu ajiye ƙadangare a gida a Amurka da Turai, musamman ƙadangare mai gemu na Ostireliya da tsaka mai zanen damisa, da yawansu suna kiwon kyankyasai don ciyar da dabbobin. Irin kyankyason da ya fi yaɗuwa shi ne Dubiya, ɗan asalin Kudancin Amurka, sai Diskoid da ake amfani da shi a jihar Fulorida saboda doka ta hana Dubiya a can, sai kuma jan kyankyason Turkistan mai ɗan banzan gudu. Kyankyason ban-ɗaki ba ya cikin wannan lissafi, domin yana iya ɗauke da maganin ƙwari da ƙwayoyin cuta. Tambayar da ke gaban mai saye ita ce wane abinci zai zuba musu, kuma amsar ta rataya a kan layi guda a jikin buhu, inda aka rubuta "crude protein", wato yawan furotin.

Kyankyaso ba ya zubar da rarar furotin yadda sauran ƙwari suke yi. Idan ya ci fiye da bukatarsa, sai ya mayar da rarar zuwa sinadarin yurik asid ya adana a cikin kitsen jikinsa. A cikin wannan kitse akwai wasu ƙwayoyin bakteriya, Blattabacterium, waɗanda ke taimaka masa ya sake amfani da ajiyar idan yunwa ta zo. Dabara ce ta wanda ya saba rayuwa a kan ruɓaɓɓen ganye. Amma a cikin bokitin kiwo yunwa ba ta zuwa, ajiyar sai ƙaruwa take yi. Idan ka tsaga cikin wanda ya daɗe yana cin abinci mai furotin sosai, za ka ga kitsen ya cika ya yi fari fat. Shi kuma ƙadangare da yurik asid yake fitar da dattin furotin, shi ne farin nan da ke maƙale da kashinsa. Idan ya yi yawa a jini, ga ƙarancin ruwa ko raunin ƙoda, sai ya taru a gaɓoɓi da kayan ciki. Wannan shi ne ciwon gawut: yatsu da gwiwoyi su kumbura, dabba ta kasa tafiya, kuma da wuya ta warke sarai. Shi ya sa masu kiwo da dama suka daina kallon yawan furotin a matsayin alamar abinci mai kyau.

Mu fara da waɗanda ya kamata ka wuce. Busasshen abincin kyanwa yakan kai kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na furotin, na kifin ado kuma yakan haura 40. Kyankyasai na wawarsu, shi ne ma abin da ke ruɗin mutane, amma dukansu sun zarce bukata nesa ba kusa ba. Abincin kare yana tsakanin 18 da 30. Idan shi kaɗai ke hannunka, kada ka ba su zallarsa: awo ɗaya na mai kashi 26 a cikin awo uku na hatsin oat mai kashi 12 zai sauko da haɗin zuwa kusan 15 da rabi. Ka kuma kula da na gwangwani, domin lambarsa na yaudara. Idan an rubuta kashi 8 alhali ruwansa 78 ne, to busasshen ɓangaren 22 ne kawai, kuma 8 cikin 22 ya haura kashi 36.

Abincin kaji shi ne zaɓin da ya fi araha, ana kuma samunsa ko'ina, har a shagunan kayan kaji na Kano da Zariya. Na kaji masu ƙwai yana da furotin 16 zuwa 18, ga kalsiyam kusan kashi 3 da rabi zuwa 4. Na girowa, wato na kaji masu tasowa, yana wajen 15 zuwa 16. Sitatan burola, wato abincin farko na 'yan tsakin kajin nama, ya haura 20, ya yi yawa ga amfanin kullum. A ganina na masu ƙwai ko girowa ya fi dacewa da garken da ke hayayyafa, sai dai a nan ne ake bukatar karanta buhu da natsuwa. Abincin 'yan tsaki sau da yawa akwai maganin koksidiyosis, wani ciwon hanji na kaji, a ciki, kamar amprolium. Wasu gonaki kuma suna haɗa cyromazine a abincin masu ƙwai don kashe tsutsar ƙuda a kashin kaji, wannan kuwa magani ne da ke hana ƙwaro yin saɓa. Duk buhun da aka ce da magani a ciki, ka bar shi. Wanda aka auna maka a mudu ba tare da takardar bayani ba, ba ka san abin da ka saya ba. Abincin zomo, mai furotin 14 zuwa 18 da ganyen alfalfa a ciki, shi ma yana aiki, amma sai an daka shi ya yi gari kafin ƙananan su iya ci.

Haɗi na gida ya fi ba ka iko da lissafi. Da nauyi ake aunawa, ba da cikar kwano ba. Dusar alkama kashi 5, oat kashi 3, garin alfalfa kashi 2 suna ba da furotin kusan 15. Idan ka rage dusar zuwa 4 ka sa garin waken suya da aka tatse mansa kashi 1, haɗin zai tashi zuwa kusan 18. Masara ita kaɗai 8 zuwa 9 ce, ba za ta riƙe masu haihuwa ba. Tunkuza na da furotin sama da 40, kuma ita da masarar da ta sha danshi suna iya ɗauke da gubar afulatoksin, don haka duk abin da ke warin fumfuna a zubar.

Sai abincin kamfani da aka yi domin ƙwari, irin su Bug Burger na Repashy da kayan Mazuri da Fluker's. Sun fi tsada, kuma iri biyu ne da ba a musanya su. Akwai na ciyarwar yau da kullum, akwai kuma na cika ciki, wanda kalsiyam ɗinsa ke kaiwa wajen kashi 8. Na biyun ana ba da shi ne na awa 24 zuwa 72 kafin a miƙa kyankyason ga ƙadangare. Idan ka mayar da shi abincin garke, ci zai ragu, girma ya tsaya, mace-mace su fara. Ga mai ƙadangare ɗaya ko biyu, ƙaramin gwangwanin na cika ciki yana daɗewa, kuma kuɗinsa ba asara ba ne, saboda jikin kyankyaso fosfaras ya fi kalsiyam yawa a cikinsa, ƙadangare kuwa akasin haka yake bukata.

Saboda haka bokiti biyu ake yi. Na iyaye ya samu busasshen abinci mai furotin 15 zuwa 18, da zafin digiri 29 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyas, domin Dubiya ba ta haihuwa sosai a cikin sanyi komai kyan abinci. Mutane da yawa kan ƙara furotin idan haihuwa ta tsaya, alhali zafi ne ya gaza. Bokiti na biyu na waɗanda za a ci ne: a kwashe su mako ɗaya ko biyu tun da wuri, a ɗora su a kan karas, kabewa, dankalin Hausa da ganyen da kalsiyam ya wadata a ciki, sannan a rufe da abincin cika ciki a kwana biyun ƙarshe. Wannan ya fi muhimmanci ga babban ƙadangare mai gemu, wanda ganye ne ya kamata ya zama mafi yawan abincinsa, ƙwari kuma sau biyu ko uku a mako.

Ƙarancin furotin ma yana da alamunsa. Za ka ga an gaigaye fukafukan maza, ana cinye waɗanda suka yi sabuwar saɓa tun suna farare, 'ya'ya kuma suna wuce wata shida ba su balaga ba. Kafin ka canza buhu, duba ruwa da cunkoso, domin su ma suna jawo hakan. Ƙara yankan karas domin ruwa da kiret ɗin ƙwai na kwali domin wurin ɓuya, ka jira mako biyu. Idan gaigayar ta ci gaba, sai ka ɗaga haɗin daga 15 zuwa 18. Busasshen abinci a kwano daban yake zama, ɗanye a nasa, kuma abin da ya rage na ɗanyen a kwashe shi cikin kwana ɗaya kafin fumfuna ta kama.