Farautar ɓoyayyun akwatuna da yara a Shikago

Manhajar Geocaching ce ta riƙe mana yara a hutun ƙarshen makon da muka yi a birnin Shikago na Amurka, kuma wallahi ta biya ni. Wasan ya faro ne a jihar Oregon a shekarar 2000: wani ya ɓoye ɗan akwati, kai kuma ka bi GPS na wayarka har ka gano shi, ka sa hannu a takardar da ke ciki, ka mayar yadda ka same shi. Tsarin manhajar na kyauta ya ishe mu, akwatuna masu wahalar ne sai an biya.

A tsakiyar gari dogayen gine-gine suna rikita GPS, kibiyar ta yi ta yawo. Bakin tafkin Michigan ya fi daɗi. Can autarmu ta lalubo wani mai maganaɗisu a ƙarƙashin benci, bai kai kan yatsa ba, takardar a nannaɗe. Ihun murnarta har ya sa masu gudu waiwaye. Ku tafi da biro, irin waɗannan ba sa zuwa da shi.

Daga nan sai wurin shaƙatawa na Millennium Park, shiga kyauta. A Crown Fountain, wurin feshin ruwan da ke ciki, allunan gilashi biyu, kowanne tsayinsa kusan mita 15, suna nuna fuskokin mutanen garin, can sai fuskar ta tsuke baki ta feso ruwa. Yaran suka jiƙe sharkaf, babansu na ta "ku fito haka nan", ko a jikinsu. Lokacin zafi ake sakin ruwan, don haka a riƙo tawul da kayan canji.