Pauline Johnson ko Beth Brant: wacce za ki fara karantawa?

'Yar'uwa, kin tambaya ko Pauline Johnson da Beth Brant tafiyarsu ɗaya, tunda dukansu marubuta ne 'yan ƙabilar Mohawk, ɗaya daga ƙabilun 'yan asalin Arewacin Amurka, kuma wacce ya dace ki fara da ita. Ta wajen asali sun yi kama: kowacce mahaifinta Mohawk ne, mahaifiyarta Baturiya. Sai dai shekara 80 ce tsakanin haihuwarsu.

Pauline, mai laƙabin Tekahionwake, an haife ta a 1861 a yankin Six Nations na Ontario, Kanada. 'Yar basarake ce, cikin gata ta tashi, amma da mahaifinta ya rasu a 1884 sai rayuwa ta juya. Daga 1892 ta shiga yawon karanta waƙoƙinta a dandamali, gari-gari a Kanada, har Landan. Takan fara fitowa da rigar fata ta gargajiya, can tsakiyar taro ta sauya zuwa shigar matan Turawa. Wasu na cewa neman yardar Turawa ne. Ni ban ga laifinta ba. Mace ce ita kaɗai, da muryarta take cin abinci, kuma a gaban waɗannan Turawan take faɗa musu ido da ido cewa ƙasar da suke takawa ƙwace ta aka yi. Sankarar mama ce ajalinta a Vancouver a 1913.

Beth kuwa a Detroit ta Amurka aka haife ta, a 1941. Ta bar makaranta tana shekara 17, ta yi aure, ta haifi 'ya'ya mata uku, auren ya mutu. Sai da ta kai 40 ta kama alƙalami. Abin da ya fi taɓa ni shi ne ba kanta kaɗai ta nema wa wuri ba: a littafin A Gathering of Spirit ta tattaro rubutun matan 'yan asalin ƙasar, har da waɗanda ke gidan yari. Ba ta rufa-rufa kan yaran da hukuma ta raba da iyayensu ta kai makarantun kwana. Ta rasu a 2015.

Ki fara da Pauline, amma ba da waƙoƙinta ba, don Turancinsu na tsohon yayi ne, zai iya gajiyar da ke. Nemi Legends of Vancouver na 1911, labaran da Sarki Joe Capilano na ƙabilar Squamish ya ba ta baki da baki. In kin gama, sai ki ɗauki Mohawk Trail na Beth, wanda ya fito a 1985.