Mita mai sim ko mai rediyo: wacce ta dace da gidaje 40 a ƙauye?

Alhaji, ka ce kana raba wutar sola ga gidaje da shaguna kusan 40 a wani ƙauye a ƙasar Ringim, kai kuma kana zaune a Kano, kana son ganin abin da kowace mita ta ci daga wayarka. An kawo maka iri biyu, mai sim da mai rediyo, kana neman wadda za ka ɗauka.

Mai sim kowacce da layinta. Tana aika karatunta kai tsaye ta sabis ɗin waya, bayan minti 15 ko awa ɗaya, yadda aka saita ta. Data ba matsala ba ce, abin da take ci a wata bai kai ɗan gajeren bidiyo na WhatsApp ba. Wahalar tana wajen riƙon layukan: mita 40 layi 40 ke nan, kowanne sai an yi masa rajista, kowanne sai an riƙa sa masa kuɗi, wanda aka manta da shi ya daɗe kuma kamfani ya rufe shi. Sannan sabis ɗin ƙauye ka san halinsa. Idan mitar tana cikin kwantena ko shagon kwano, ƙarfen yana tare sabis, dole a fito da eriya waje.

Mai rediyo ba ta da sim. Duk mitocin suna aika karatu zuwa akwati guda, matattara, ita kaɗai ke da layin waya. Mitocin da ke amfani da LoRa, wata fasahar rediyo mai dogon zango, suna kai kilomita ɗaya zuwa biyu a cikin gari, a fili kuma fiye da haka, shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Jigawa tana taimaka musu. Akwai kuma irin da mita ke miƙa wa maƙwabciyarta saƙo har ya isa. Wannan tana son gidaje a cure, in an sami tazara babba a tsakani sai na bayan su yanke. Matattarar a ɗaga ta kan falwaya, mita 6 zuwa 10, a ba ta ƙaramin batir nata don kada ta mutu tare da inbata, a kuma binne mata sandar atin mai kyau, wato ƙarfen da ke kai wutar tsawa cikin ƙasa, domin tsawar damina abin da ya fi tsayi take nema. Raunin wannan tsari ɗaya ne: matattara ta lalace, duka 40 sun ɓace maka lokaci guda.

Akwai ta uku mai aika saƙo ta cikin wayar wutar kanta. Ba mu ba ka shawararta. Inbata, injin niƙa da mai walda suna cika layin da hayaniya, haɗin waya da aka murɗa da hannu kuma yana kashe saƙon.

A ganinmu, idan gidajen suna cure kusa da kasuwa, ɗauki mai rediyo. Mai sim a bar ta ga 'yan tsirarun da ke nesa, kamar famfon burtsatse ko gidan gona.

Kowacce ka zaɓa, tambayi mai sayarwa abu biyu kafin ka biya. Shin mitar tana ajiye karatu a cikinta in sabis ya ɗauke, ta aika daga baya? Shin lissafin kuɗin a cikin mitar yake, ta yanke wuta da kanta in yunit ya ƙare? Wadda sai ta jira umarni daga intanet, duk ranar da babu sabis wuta kyauta ake sha. Mai ɗaukar amfiya 60 ta wadatar da gida. Akwatinta kada ya fuskanci yamma, zafin Afrilu yana haura digiri 40, a kuma toshe ramukan waya saboda ƙura da tururuwa.

Jona ta bayan mita kuwa, mitar gida ba lallai ta gane ba. Sa babbar mita guda a mafitar inbata, ka riƙa kwatanta ta da jimillar na gidaje. Rubuta bambancin makon farko, wannan asarar waya ce. In ya yi tsalle daga baya, wani ya jona.

Duk wannan a layinka na sola ne. Mitar KEDCO ba a buɗe hatiminta, laifi ne. Mai son sa ido a can sai ya ƙara tasa mitar ta ɓangaren gida, bayan wuta ta fito daga ta KEDCO.