Sayen Jitar Lantarki a Katsina: Abin da Mai Sha'awa Zai Auna Tukuna

Wanda ya saba jin kiɗan jitar Buzaye da ke tsallakowa daga Nijar ta Jibiya ko Kongolam, irin na Bombino mutumin Agadas ko na Mdou Moctar, ba abin mamaki ba ne wata rana ransa ya biya da mallakar tasa jitar, ko da ba sana'a zai yi da ita ba. Yawancin masu farawa sunan kamfani suke fara tambaya, alhali kuwa a garin da wuta take zuwa tana ɗaukewa, hunturu yake busar da katako, kuma ake zaman gida ɗaya da iyaye da maƙwabta, sunan da ke rubuce a kan jitar shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a duba.

Jitocin da ke kasuwa galibi sun samo asali ne daga gida biyu na Amurka. Akwai Stratocaster wadda kamfanin Fender ya fitar a 1954, akwai kuma Les Paul ta kamfanin Gibson wadda ta riga ta fitowa a 1952. Na asalin sun fi ƙarfin aljihun mai koyo, shi ya sa kowane gida yake da ƙaramin reshe mai sauƙin kuɗi, wato Squier a wajen Fender, Epiphone kuma a wajen Gibson. Babban bambancinsu yana ƙarƙashin tsirkiya ne, inda aka dasa maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, wanda makaɗa suke kira fikof, kuma shi ne yake mayar da girgizar tsirkiya ta zama lantarki. Stratocaster tana da guda uku masu naɗi ɗaiɗai, muryarsu siririya ce garau, irin wadda kunnen mai son kiɗan Agadas yake nema, amma suna kwaso gurnanin wutar gida su shigar da shi cikin sauti. Les Paul kuwa tun 1957 take ɗauke da mai naɗi biyu, inda naɗin guda yake kashe gurnanin ɗan'uwansa, don haka muryarta ta fi kauri, ba ta kuma faye yin ƙugi ba.

A ɗakin da ake kiɗa da wutar janareta, ko gidan da ba a binne wayar ƙasa yadda ya kamata ba, wannan gurnani yana iya sa mutum ya tsani jitarsa a makon farko. Saboda haka ni a ganina mai koyo a nan ya fi dacewa da wadda ta haɗa iri biyun, kamar Yamaha Pacifica 112, mai naɗi ɗaiɗai biyu da mai naɗi biyu guda a gindi, domin idan wuta ta yi tsabta ya sami siririyar muryar, idan ta ƙi kuma ya karkata makunni ya koma wa mai kaurin. Game da jiki, Les Paul ta fi nauyi a kafaɗa, sau da yawa tana haura kilo 4, sai dai tsawon tsirkiyarta inci 24.75 ne, na Stratocaster kuma 25.5, wanda ya sa Les Paul ta ɗan fi laushi ga mai gajerun yatsu. Bahago ya nemi ta bahagwai tun daga farko, kada a lallashe shi da cewa zai saba. Mdou Moctar kansa da hagu yake kaɗawa.

Jitar lantarki ba ta magana sai da amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, kuma a nan ne kuɗi yake yawan salwanta. Manyan masu kwalaben bawul, wato ƙananan kwalaben gilashi da ke ƙara ƙarfin sauti a cikinsu, suna da daɗin murya, amma suna da nauyi, ba sa jure hawa da saukar wuta, kuma daɗin nasu ba ya fitowa sai an ƙure su, abin da ba zai yiwu ba a cikin unguwa bayan sallar isha'i. Ƙanana masu batir, irin su Roland Micro Cube ko Blackstar Fly 3 mai wat 3, kowanne batir shida yake ci, ba ruwansa da ɗauke wuta. Akwai ma wanda ake sokawa a jikin jitar a saurara da abin kunne, kamar Vox amPlug, mutum ya yi ta kiɗansa ba wanda ya ji. Wanda ya ƙudura sayen na hannu mai aiki da wutar bango ya karanta rubutun bayansa, domin wanda aka yi wa kasuwar Amurka bolt 120 yake sha, tamu kuwa 230 ce, jonawa ɗaya ba tare da na'urar rage wuta ba ta isa ta ƙone shi.

Sabuwa ko ta hannu, ko daga Sabon Gari ta Kano aka samo ta, ko daga Alaba ta Legas aka aiko, hukuncin yana wajen wuyan jitar. A ɗaga ta a leƙa tsawon wuyan kamar mai auna sanda, a tabbatar bai murɗe ba. Ɗan lanƙwasa kaɗan ana gyara shi da ƙarfen da ke cikin wuyan, amma murɗewa ba ta da magani mai arha. A danna kowace tsirkiya a kowane gurbi, wato tsakanin ƙarafunan da aka jera a wuyan, a saurari zuzzuga, a murɗa maɓallan sauti a ji ko suna ƙarce, a girgiza wayar amfilifaya a bakin raminta a ji ko sauti yana yankewa. Idan tsirkiyar ta yi nisa da wuya har danna ta yana cin yatsa, a nemi a saita kafin a biya. Wadda aka rubuta wa babban suna kuma aka karya mata farashi ƙwarai, jabu ce sau da yawa, kuma gara Squier ta gaskiya da ita. Wannan ne ya sa saye ta intanet, duk da sauƙinsa, ya fi dacewa da wanda yake da ɗan'uwa makaɗi a garin mai sayarwa da zai taɓa masa kayan.

Da hunturu katakon wuya yana ƙanƙancewa har bakin ƙarafunan gurbin su fito suna kartar hannu, da bazara kuma zafin ɗakin kwano ko cikin mota yana gurɓata saiti, don haka jaka mai kauri tana cikin lissafin sayayya, tare da tsirkiya ta ajiya saiti biyu. Mai koyo ya ɗauki tsirkiya siririya mai lambar kauri 9 zuwa 42, ya riƙa goge ta da ƙyalle bayan kiɗa saboda gumi da ƙura. Manhajar daidaita murya a waya kyauta ce, kuma minti 20 kullum sun fi awa uku ranar Lahadi kaɗai, tun da fatar yatsu a hankali take yin kanta. Ya fara da tsanin sauti biyar, wato jerin amo biyar da ake gina waƙa a kansu, wanda kunnen da ya tashi da gurmi da garaya ya riga ya sani, babban yatsa yana riƙe da amon tsirkiya mai kauri, manuniya kuma tana zaro waƙar a sirara.