Kiran lambar kyauta ta Amurka daga Katsina: ta layi ko ta intanet?

Malam, ka ce ƙanenka ya zo hutu daga Amurka, bankinsa na can ya rufe masa kati, lambar da aka ce ya kira ta fara da 1-800, ya gwada ta layinsa na nan har ya gaji ba ta shiga ba. Kana tambaya wanne ya fi, ya ci gaba da gwadawa ta layi ko ya koma manhajar kira ta intanet. Na sha zama da mutane kan wannan matsala a shagona na waya wajen Ƙofar Ƙaura, bari in faɗa maka abin da na gani.

Lambar da ake cewa ta kyauta, ba wai babu mai biya ba ne. Mai lambar ne ke biyan kuɗin duk kiran da ya shigo masa, don haka shi ke zaɓar daga ina zai karɓa. Kamfanin AT&T ya fara tsarin 800 a 1967, da lambobin suka kusa ƙarewa aka ƙaro 888 a 1996, sai 877 da 866 da 855 da 844, ta baya-bayan nan ita ce 833 a 2017. Duk aikinsu ɗaya. Bankin da ya ɗauki nauyin kiran mutumin Texas bai yi alkawarin ɗaukar na mutumin Katsina ba. Kyautar a bakin iyaka take tsayawa, kamar motar hayar da ta kai ka Jibiya ta ce nan ta kawo.

Idan ya kira ta layi, ɗayan biyu ne. Ko dai kiran ya ƙi shiga sam, ko ya shiga amma a caje shi kuɗin kiran ƙasar waje cikakke. Na biyun ya fi ciwo, domin ƙirga take farawa tun na'ura ta ɗauka, ba sai mutum ya amsa ba. Akwai wani dattijo daga Daura da ya zo mini da irin wannan. Muka sa masa kati, muka ajiye wayar kan kantar shago a lasifika. Muryar na'ura ta ce danna ɗaya, danna uku, sai kiɗa. Ya riƙe takardarsa a hannu yana jira, kiɗa na tashi, har kuɗin ya ƙare bai ji muryar ɗan Adam ba. Abin ya tsaya mini a rai. Amma layi yana da nasa alherin: murya tana fita tas, kuma duk lambar da ka danna na'urar can tana ji.

Manhajar intanet ta sha bamban ta wajen inda kiran yake fitowa. Muryarka za ta bi data, sannan ta shiga layukan waya daga wata na'ura da ke can, sau da yawa bankin ya ga kamar daga cikin ƙasar ake kira. Shi ya sa lambar da ta ƙi layi takan karɓi manhaja. Da, Skype ne maganin wannan, yana kiran lambobin kyauta na Amurka ba tare da ko sisi ba, amma Microsoft ya rufe shi a watan Mayun 2025, kada wani ya tura ka can. Akwai irin su Viber Out da Rebtel masu kiran lambar waya ta zahiri, sai dai ya duba farashin wannan lambar a cikin manhajar kafin ya zuba kuɗi. WhatsApp kuwa ba ya cikin lissafi, daga WhatsApp zuwa WhatsApp kawai yake kira. Idan ƙanen naka ya riga ya buɗe Google Voice tun yana can, ya huta, da ita zai kira.

Matsalar manhaja sabis ne. Jira na minti talatin a kan data mai rawa, ka kai ga mutum sai murya ta fara yankewa, kira ya faɗi, ka koma bayan layi. Wani lokaci kuma ka danna lambar katinka na'urar ba ta kama ba, ta yi ta cewa ka sake. Idan zai bi ta nan, ya samu wuri mai Wi-Fi mai ƙarfi, ya cika cajin wayarsa, ya sa abin kunne.

Ta fuskar kuɗi manhaja ta fi, ta fuskar tsabtar murya layi ya fi, ta fuskar shiga kuwa manhaja ce gaba. Amma ni ba ɗayansu nake fara ba mutane shawara ba. Ya juya katin bankin ya karanta ƙananan rubutun baya. Yawancin katunan Amurka suna da lamba ta biyu da aka ware wa wanda ke wajen ƙasa, lamba ce ta gari, ba ta fara da 800 ba. Wannan tana shiga daga ko'ina da +1 a gaba, ta layi ko ta manhaja, kuma kiran lambar gari ta Amurka a manhaja araha ne ƙwarai. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara. Ya kuma buɗe manhajar bankin kanta, wasu suna da wurin aika saƙo ko buɗe kati ba sai an kira ba. In duk sun ƙi, wani ɗan'uwa a can ya kira bankin sannan ya haɗa shi cikin kiran su zama uku.

Ina roƙonka, lambar daga bayan kati ko cikin manhajar banki kaɗai zai ɗauka, ba wadda ya tsinta a bincike ko aka turo masa ta saƙo ba. 'Yan damfara suna baza lambobin ƙarya, kuma akwai masu kama da na kyauta: 876 ta Jamaika ce, 809 ta Jamhuriyar Dominika, duk da +1 suke farawa.

Haka abin yake da 0800 da 0808 na Ingila, a cire sifilin farko a sa +44, kuma ba tabbas ta shiga. Wadda aka yi musamman don ƙetare iyaka ita ce mai farawa da +800 da lambobi takwas a bayanta, ita ma sai a ƙasashen da mai ita ya yi mata rajista. Mu ma namu 0800 na Najeriya haka suke yi wa alhazai a Makka, shi ya sa nake cewa duk mai tafiya ya rubuta lambar bankinsa mai +234 tun yana gida.

Sai lokaci. A yanzu ko dai awa 5 ko awa 6 muke gaban New York, gwargwadon damina ko hunturunsu, saboda suna sauya agogo. Ƙarfe takwas na safensu ya yi daidai da ɗaya ko biyun ranarmu. Ya kira bayan Azahar, da fasfo da katin da adireshinsa na can a gabansa. Kuma ya mayar da layinsa na Amurka cikin waya tukuna, domin da wuya ba su ce za su tura masa lambar tantancewa ta can ba.