Gargaɗi ga masu neman rimot na manyan na'urorin sauti a Katsina

Assalamu alaikum. Ina so in ja hankalin mutanen Katsina da kewaye, musamman waɗanda ke da manyan na'urorin sauti na ƙasashen waje a gidajensu, a kan wata damfara da aka yi mana kwanan nan wajen sayen rimot, wadda yanayin yadda aka tsara ta ya nuna ba a kanmu aka fara ba.

Kawuna, wanda ya yi ritaya daga aikin gwamnati yana zaune a GRA, yana da na'urar Bang & Olufsen da ya zo da ita daga Ingila shekaru masu yawa da suka wuce, kuma da ita yake sauraron karatun Alƙur'ani bayan asuba da labaran rediyo da yamma. Jikoki suka jefa rimot ɗinta cikin ruwa, ya mutu. Da yake ƙafa ta fara ba shi matsala, tashi zuwa gaban na'urar duk lokacin da zai rage murya ya zama masa wahala, ga shi kuma akwai saitunan da ba a iya kaiwa gare su sai da rimot. Shi ya sa ya ce mini, "Ɗana, ka nemo mini wani ko nawa ne."

Wajibi ne a fara fahimtar cewa tsadar irin wannan rimot gaskiya ce, domin a kanta macuta suke kafa tarkonsu. Kamfanin na ƙasar Denmak ne, an kafa shi a 1925, kuma rimot ɗinsa da ake kira Beo4, wanda ya fito a tsakiyar shekarun 1990, jikinsa na ƙarfe ne mai nauyi, yana da ɗan allo a sama da ke nuna abin da aka danna. A 2014 kamfanin ya fito da sabon rimot mai suna BeoRemote One, sannu a hankali tsohon ya koma sai a hannun masu sayar da kayan gwanjo na Turai. Idan aka haɗa ƙarancinsa da canjin fam ko dala da kuɗin aikowa, kuɗin rimot ɗaya yakan kai na ƙaramar sabuwar na'urar sauti a Babbar Kasuwar Katsina. Wanda ya ji wannan farashi ya girgiza, da an yi masa tayin rabinsa sai ya ga kamar ya yi tsuntuwa.

Haka ta faru da ni. Na ga wani shafi a Facebook cike da hotunan rimot na Bose da Marantz da Denon da Yamaha, har da wanda nake nema. Mai shafin ya ce shagonsa yana Legas, kayansa kuma daga Turai yake shigo da su. Ya iya magana ƙwarai, kowace jimla sai ya ce "ranka ya daɗe, Alhaji", ya kuma gaya mini guda ɗaya ya rage, wani mutum a Kano yana jira idan ban biya a ranar ba. Ya turo mini bidiyon da aka haska rimot a kyamarar waya, ana ganin ɗan haske yana ƙiftawa a bakinsa. Na tura masa naira 60,000 a matsayin kafin alƙalami, sannan na cika masa 25,000 da ya ce na ɗauko kaya da sallamar direba ne. Sunan da ke kan asusun ya bambanta da sunan shafin, na yi magana ya ce na yaron shagonsa ne, na kuma yarda. Wannan shi ne kuskurena mafi girma, kuma har yanzu yana damuna.

Bayan kwana biyar na karɓi ƙunshi a tasha. Abin da ke ciki rimot ne na roba, mara nauyi, ba allo, an manna masa tambarin kamfanin da gam. Na sa batir na danna, na'urar ko motsi ba ta yi ba.

Na kai shi wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a kusa da Ƙofar Ƙaura, shi ya buɗe mini ido. Ya ce yawancin rimot suna magana da na'ura ta wani haske da idon mutum ba ya gani amma kyamarar waya takan nuna shi, kuma akasarin kamfanoni suna aika shi a kan kilohaz 36 zuwa 40, wato ma'aunin saurin ƙiftawar hasken, amma Bang & Olufsen ya zaɓi kilohaz 455 a na'urorinsa na wancan zamani. Saboda haka rimot na gama-gari da ake sayarwa a kasuwa, komai yawan maɓallansa, na'urar ba za ta ji shi ba. Ya ƙara da cewa wasu na'urorin Bose Lifestyle ma da igiyar rediyo rimot ɗinsu yake aiki, shi ya sa ake iya sarrafa su daga wani ɗaki, don haka duk wanda ya haska maka kyamara a kan irin wannan ya ce ka ga shaida, ya raina maka hankali. Gwajin kyamara yana nuna cewa rimot yana fitar da haske ne kawai, ba ya nuna cewa harshensa ɗaya da na na'urarka. Bidiyon da ya sa na saki jiki ashe ba ya tabbatar da komai.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ya biyo baya. Da na kira mutumin, bai gudu ba, bai kuma rufe waya ba. Cikin natsuwa ya ce laifin na'urar ne, sai an saita ta da rimot ɗin, kuma yana da ma'aikaci a Kano da zai zo ya ɗauke ta ya dawo da ita cikin kwana biyu. Dattijon ya ce mini, "Yaro, idan wannan na'ura ta fita daga gidan kawunka, ko dai ba za ku sake ganinta ba, ko ta dawo an kwashe kayan cikinta." Sai na gane kuɗin rimot ɗin somin taɓi ne, na'urar ce suke hari, tunda sun riga sun san wanda ke neman irin wannan rimot yana da kaya mai daraja a ɗaki, kuma sun nemi in ba su kwatancen gida.

Don haka ina roƙon duk mai wannan buƙata ya fara duba lambar samfurin da ke bayan na'urarsa da ta tsohon rimot ɗin, ya nemi mai sayarwa ya ɗauki sabon hoto da takarda a gefe mai ɗauke da kwanan wata, domin hotunan da nake gani a shafin daga intanet aka kwafo su. Kada a tura kuɗi zuwa asusun da sunansa ya saɓa wa na mai kaya, kuma kada a biya sai an gwada rimot a gaban na'urar, ko wani amintacce ya riƙe kuɗin. Akwai rimot na madadi da ake tsarawa musamman don waɗannan na'urori, kuma babu laifi a saye su matuƙar an faɗa maka gaskiyar abin da suke, an sayar maka a farashinsu. Wanda tsohon rimot ɗinsa yana nan ma ya fara kai shi gyara, don sau da yawa tsatsar batir ce ko dattin maɓalli. Kada kuma a ba baƙo adireshin gida ko a miƙa masa na'ura da sunan saiti.

Wanda aka riga aka cuta ya garzaya bankinsa a ranar da rasit da hotunan hirar, ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko hukumar EFCC, akwai kuma hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye. Ni na kai rahoto, na ajiye rimot ɗin robar da takardar tasha a matsayin shaida. Kawu yana jiran wani ɗan uwanmu da zai dawo daga Ingila ya taho masa da na ainihi. Shafin kuwa ya sauya suna a makon jiya, amma hotunan nan ne dai, har da na rimot ɗin da aka ce mini guda ɗaya ya rage.