Nagios ko Zabbix: Wanne Ya Fi Dacewa da Aika Gargaɗi Idan Layi Ya Yanke?

Ɗan'uwa, ka ce kana sa ido a kan sabobi da rautocin hedikwatarku da rassa uku ta hanyar manhajar Nagios, amma da zarar an ɗauke wuta a wani reshe sai saƙonni su cika maka waya, alhali daren da babban layin intanet ya yanke ko saƙo ɗaya bai zo ba. Kana tambaya ko komawa Zabbix, wata manhajar sa ido irinta, zai raba ka da wannan. Matsalolin nan biyu duk na saiti ne, kuma za su bi ka duk inda ka koma muddin ba ka gano tushensu ba, sai dai hanyar da kowace manhaja take bi wajen magance su ta bambanta ƙwarai.

Nagios ya fito a 1999 da sunan NetSaint daga hannun Ethan Galstad, aka sauya masa suna a 2002, kuma har yau saitinsa a cikin fayilolin rubutu yake zaune. Shi kansa ba ya auna komai, ƙananan manhajoji yake aikawa su duba su dawo masa da lamba: 0 lafiya lau, 1 a yi hattara, 2 abu ya ɓaci, 3 ba a sani ba. Zabbix kuwa, wanda Alexei Vladishev ya ƙirƙira, aka fitar da shi ga jama'a a 2001, kamfaninsa yana Riga a ƙasar Latviya, adadi yake tarawa a ma'ajiyar bayanai irin MySQL ko PostgreSQL, sannan kai ka rubuta sharaɗin da zai sa a ɗauki adadin a matsayin matsala. Daga wannan bambanci sauran duka suka samo asali.

Mu fara da yawan saƙonni. A Nagios gazawar farko ba ta haifar da saƙo, domin yana ɗaukarta a matsayin hali na wucin gadi, ya sake dubawa bisa tazarar retry_interval har sai ya cika adadin max_check_attempts, sannan ya tabbatar da matsalar ya sanar. Idan adadin nan 3 ne, tazarar kuma minti 1, to cikin minti biyu bayan gazawar farko saƙo ya tashi, alhali mai gadi bai ma kai ga tayar da janareta ba. Ka auna tsawon lokacin da reshen yake ɗauka kafin wuta ta dawo, ka ɗaga adadin ya zarce shi kaɗan. A Zabbix a cikin sharaɗin ake rubuta wannan haƙuri, misali max(/reshe1/icmpping,#5)=0, wato sai dubawa biyar a jere sun gaza. Zabbix ya fi sassauci a nan, domin yana ba ka damar rubuta sharaɗin warkewa daban, ta yadda layin da yake zuwa yana yankewa ba zai riƙa buɗe matsala yana rufewa ba. Nagios ma yana da nasa maganin, inda yake duba sakamako 21 na baya-bayan nan, idan sauyin ya yi yawa ya dakatar da saƙonni har abin ya lafa, amma sai ka tabbatar an kunna shi.

Babban abin da nake zargi a wajenka shi ne rashin bayyana wace na'ura ce take bayan wace. Idan rautar reshe ta mutu, duk abin da yake bayanta zai daina amsawa, ko da lafiyarsa ƙalau. Nagios yana da layi guda mai suna parents, wanda idan ka rubuta sunan rautar a cikinsa ga kowace na'urar reshen, zai bambanta wadda ta mutu da waɗanda kawai ba a iya kai wa gare su. Daga nan sai ka cire harafin u, wanda yake nufin na'urar da ba a iya kai wa gare ta, daga notification_options, saƙo ɗaya tak ya iso maka a kan rautar. A ganina Nagios ya fi Zabbix sauƙi a wannan fanni nesa ba kusa ba. A Zabbix sharaɗi ake jinginawa da sharaɗi, aiki ne mai cin lokaci idan na'urori suna da yawa, kuma akwai wani tarko: idan sharaɗin na'urar ciki ya riga na rautar tashi, saƙonsa zai fita kafin jinginar ta yi aiki. Shi ya sa ake tsawaita sharaɗin na'urorin ciki, ko a jinkirta aika saƙo zuwa mataki na biyu.

Sai batun shirun da ka ji a daren nan, wanda ya fi wancan haɗari. Kafin ka taɓa komai, ka buɗe nagios.log, fayil ɗin da Nagios yake rubuta abin da ya faru a ciki, ka nemi layin HOST NOTIFICATION a daidai lokacin. Idan babu shi, Nagios ne ya hana saƙon, kuma matatunsa a jere suke: ko an kashe sanarwa gaba ɗaya, ko na'urar tana cikin lokacin gyara da aka tsara, ko notification_period ɗinta ko na mai karɓar saƙon ya tsaya a lokutan aiki kaɗai. Ka lura kuma cewa idan wani ya taɓa kashe sanarwa daga shafin manhajar, ana adana wannan a retention.dat, kuma yana iya rinjayar abin da ka rubuta a fayil ko bayan ka sake tayar da ita. Idan kuwa layin HOST NOTIFICATION ɗin yana nan, to Nagios ya yi nasa, umarnin aikawa ne ya gaza, sai ka gwada shi da hannu da asusun mai amfani nagios, ba da root mai cikakken izini ba, domin sau da yawa rashin izini ne ya hana.

A nan Zabbix ya yi wa Nagios fintinkau. Yana da shafin Action log da yake nuna kowane saƙo, wanda aka aika wa, da dalilin gazawa idan ya gaza, kuma kowace hanyar aikawa tana da maɓallin gwaji. Tarkunansa sanannu ne: umarnin sanar da shugabanni da yake zuwa da shi a kashe yake sai ka kunna, dole a sanya wa mutum lambar waya ko imel tare da matakan tsanani da yake son karɓa daga cikin shida da ake da su, kuma idan rukuninsa ba shi da izinin ganin na'urar, ba za a aika masa komai a kanta ba.

Amma bisa yadda ka kwatanta, ina kyautata zaton layin HOST NOTIFICATION zai bayyana a nagios.log, kuma saƙon ya maƙale ne saboda ta imel ko Telegram yake fita, ta kan layin intanet ɗin nan da ya yanke. Babu manhajar da za ta tsallake wannan. Kana bukatar modem mai layin waya da zai aika saƙon SMS a jikin sabar da take sa ido, ita kuma sabar da modem ɗin su kasance a kan inbata. Zabbix yana magana da irin wannan modem kai tsaye, Nagios kuwa sai ka haɗa shi da manhajar aika SMS irin Gammu ko smstools ka rubuta umarnin da kanka, wanda bai wuce layi biyu ba. Ka riƙa duba kuɗin layin wayar da wa'adinsa, domin layin da ba a amfani da shi yakan mutu ba tare da kowa ya sani ba. Duka manhajojin suna iya ɗaga saƙo zuwa mutum na biyu idan na farko bai amsa ba, Nagios ta hostescalation, Zabbix ta matakan da ake jerawa a cikin umarni ɗaya.

Shawarata ita ce ka tsaya a kan Nagios yanzu, ka gyara parents da max_check_attempts, ka sa modem, ka tantance fayilolin da umarnin nagios -v kafin ka sake tayarwa, sannan ka zare wayar babban layin da gangan da rana ka ga ko saƙo zai zo. Dalilin da zai sa ka koma Zabbix daban yake: idan kana son tarihin nauyin layi da zane-zanensa ba tare da ƙarin manhaja ba, ko kana son kada bayanan reshe su salwanta yayin yankewa. Wakilin Zabbix da ake kira proxy, wanda ake ajiyewa a reshe, yana riƙe bayanai na awa 1 a saitin asali, ana iya ɗaga shi har awa 720 ta ProxyOfflineBuffer, ya tura su idan layi ya dawo. Idan ka yanke shawarar komawa, ka ɗauki sigar 7.0 ta 2024 mai dogon tallafi, ka buɗe ƙofofin sadarwa (ports) 10050 da 10051, ka bar Nagios yana aiki a gefe har sai Zabbix ya ci wannan gwaji na zare waya.